Tsokar da ke Ƙarƙashin Hammata

Mutum ya miƙa hannu zai taɓa bango, saura ƙiris yatsunsa su kai. Bai ɗaga ƙafa ba, bai sunkuya ba, sai ga yatsun a jikin bango. Ina ƙarin tsawon ya fito? Hannu dai bai ƙaru ba. Allon kafaɗa ne ya zame daga baya, ya bi lanƙwasar haƙarƙari ya matso gaba. Masana ƙirar jiki sun ware wannan motsi daban: gaɓa ta zamo gaba a miƙe, ba sama ba, ba ƙasa ba. Muƙamuƙin ƙasa ma yana yi idan aka turo haɓa.

Allon kafaɗa ba a kafe yake ba. Ƙashi ɗaya tak ya haɗa shi da gangar jiki, wanda ke kwance a gindin wuya. Sauran riƙon duk na tsokoki ne, har guda 17. Babbar mai janyo shi gaba tana shimfiɗe a gefen ƙirji, ƙarƙashin hammata, ta kama haƙarƙari 8 ko 9 na sama. Likitoci kan kira ta tsokar ɗan dambe, don ita ke ƙara wa naushi nisa. 'Yan kallo kuwa, dunƙulen hannu kawai suke gani.

Wani ikon Allah, tsokar da ke tura allon gaba ita ce kuma ke manne shi da ƙirji. Idan jijiyar da ke sauko mata daga wuya ta samu rauni, mutum ya dafa bango ya tura, sai gefen allon ya ɓullo ta baya kamar fiffike, ɗaga hannu sama da kai ya zama aiki. Turawar da riƙon tare suke tafiya.

A gidaje da yawa akwai irin wannan tsoka. Yayar da ta sayar da akuyarta ƙaninta ya shiga jami'a, ranar bikin kammala karatu tana can gefe tana zuba wa baƙi abinci. Ita ce kuma mai bugo waya: "Auta, kwana biyu ba ka leƙo Inna ba. Wa kake yawo da shi yanzu?" Shi kuwa yakan karɓi kuɗin makaranta da hannu biyu, amma in ya ga kiranta sai ya kife wayar, ya ce Yaya ta cika takura.