Makiyayi Da Juyin Zamani

Kalman nan "fasto", wadda Kirista ke kiran shugaban majami'arsu da ita, asalinta daga harshen Rumawan dā ne, ma'anarta kuwa makiyayi. Sun ɗauko sunan daga misalan da ke cikin Linjila, inda aka kamanta jama'a da garken tumaki, aka kamanta mai lura da su da wanda ke kai su kiwo da mashaya. To, wannan makiyayi yana da wata tambaya wadda ba ta barinsa ya runtsa, ita ce kuwa na ke so mu duba. Zamani yana juyawa, mutanensa suna juyawa tare da shi. Me zai yarda ya sake don ya tafi tare da su, me kuma zai riƙe ko da za su watse su bar shi? Ni Musulmi ne, ba kuwa nufina ne in yanke hukunci a kan aƙidar Kirista ba. So na ke mu tsaya inda faston ya ke tsaye, mu hangi abin da ya ke hange, gama tambayan nan ta shafi duk wanda aka ɗora wa amanar mutane.

Ga yadda abin ke zo masa. Samari su ce wa'azinsa ya cika tsawo, waƙoƙinsa sun tsufa, ga wata majami'a can cikin gari ana kiɗan zamani, mutane har bakin ƙofa. Dattawa kuma su ce tun da suka tashi ba su taɓa ganin an yi haka ba, in ya taɓa ko da tsarin zama ne ya ɓata addini. Dā mutumin ƙauye ba ya jin wa'azin kowa sai na fastonsa. Yanzu kuwa kafin Lahadi ta kewayo ya ji na mutum goma ta rediyo da talabijin da wayar hannu, waɗansu daga Ikko, waɗansu daga Amurka. In faston ya biye wa samari ɗungum, wata rana zai nemi abin da ya gāda ya rasa. In ya biye wa dattawa ɗungum, wata rana zai waiwaya ya ga ba kowa bayansa sai masu furfura.

Bafillace mai shanu ya san irin wannan hali. Da rani ya gangara fadama neman ruwa, da damina ya hau tudu gudun tsando. Wurin kiwo ya sake, hanya ta sake, amma abin da ya fito yi yana nan yadda ya ke, watau shanu su ƙoshi, su kwana lafiya. Wanda ya rantse ba ya barin mashekarin ubansa ko ciyawa ta ƙare, ya kashe garke. Wanda kuma ya bar shanu su ja shi duk inda suka hangi kore, za su kai shi gonar mutane, ko su faɗa gyauron dawa su kumbura. Wuyar aikin duka tana wajen sanin wane ne wurin kiwo, wane ne dalilin fitowa.

Kirista sun fara gamuwa da wannan tun farkon al'amarinsu. Mabiyan Annabi Isa na fari Yahudawa ne, masu kaciya da kiyaye dokokin Attaura. Da Helenawa da sauran al'ummai suka fara shigowa, sai gardama ta tashi, ko tilas ne su ma su ɗauki al'adun Yahudawa. Wajen shekara ta 50 manyansu suka taru a Urushalima, cikinsu har da Bitrus da Bulus da Yakubu, labarin yana cikin sura ta 15 ta littafin Ayyukan Manzanni. Suka yanke cewa kada a nawaita wa baƙi da kaciya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Sun sauke wani kaya, sun bar wani a kansu.

Haka kuma sha'anin harshe. Likita Mila, wanda ya zauna Zariya tun 1905, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Masu aikin ba su ƙago wa Mahalicci wani baƙon suna ba, suka rubuta Allah, yadda Bahaushe ke kiransa. 'Yan Katolika sun daɗe suna ibadarsu da harshen Rumawan dā, wanda talaka ba ya ji, har babban taron da suka yi a Rum daga 1962 zuwa 1965 ya buɗe ƙofar yin ta da harshen kowace ƙasa. Kiɗa ma haka. Da yawa cikin Turawan Mishan na farko sun hana ganga shiga majami'a, suna ganin kayan tsafi ce. Yau ga matan Zumunta suna waƙar yabo da tulu da caki, ba wanda ya ce addini ya rushe. Ashe rigar Bature ce aka tuɓe, addinin yana nan.

Amma fa kada a ɗauka rarrabewan nan kullum tana da sauƙi. Dubi maganar mai mata da yawa. A 1888 manyan limaman ɗarikar Angilika suka taru a Lambat, cikin birnin Landan, suka yanke cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba muddin yana tare da su. A ganinsu sun tsare aƙida ke nan, gama koyarwarsu miji ɗaya ne da mace ɗaya. To, amma a ƙasashen Afirka wa ya ɗauki nauyin hukuncin? Matan da aka sallama ba da laifin komi ba, da 'ya'yan da aka raba da ɗakin uwarsu. Sai bayan shekara ɗari, a taron 1988, suka sake shawara, suka ce a karɓi irin wannan mutum da iyalinsa, kada a tilasta masa ya kori kowa, bisa sharaɗin ba zai ƙara wata ba, jama'ar wurin kuma ta yarda. Koyarwar aure ba ta sake ba. Abin da suka gane shi ne, sun tsare ta da hawayen waɗanda ba su da baki a taron. Ba kowace tsayawa ce imani ba, wata taurin kai ce ta yafa mayafin addini.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen ya fi muni. Sa'ad da Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933, wata ƙungiya ta tashi cikin majami'u tana cewa lalle addini ya bi sabon zamani. Suka nemi a tuɓe duk faston da ke da jinin Yahudawa, waɗansunsu har suka ce a jefar da Tsohon Alkawari tun da littafin Yahudawa ne. Mutane masu yawa suka bi, gama can ƙarfi ya ke. Waɗansu fastoci suka ƙi, suka taru a garin Barman a 1934, suka rubuta cewa majami'a ba ta da wani ubangiji sai wanda ta ke bauta wa, ba kuwa za ta sake saƙonta don ya dace da ra'ayin mai mulki ba. Ɗayansu, Martin Nimola, an kama shi a 1937, bai fito ba sai 1945. Wani kuma, Ditirik Bonhofa, wanda daga baya ya haɗa kai da masu neman kawar da Hitila, an rataye shi cikin watan Afrilu na 1945. A Uganda ma, babban limami Janani Luwum da 'yan'uwansa sun rubuta wa Idi Amin takarda a kan kisan mutane da a ke yi, cikin watan Fabrairu na 1977 aka kashe shi, gwamnati ta ce haɗarin mota ne. Da waɗannan mutane sun ce in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, da sun tsufa a gidajensu, amma da ba a sami wanda zai gaya wa azzalumi gaskiya ba.

Bayan tsoron sarki sai kwaɗayin kuɗi, shi ne kuwa ya fi damun faston yau. Tsohon ciwo ne. A 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus yana sūkar sayar da takardun sassauta azaba, waɗanda a ke tara kuɗinsu don ginin babbar majami'ar Rum. A ƙarni na 20 kuma wani wa'azi ya taso daga Amurka, ya bazu cikin Afirka, mai cewa wanda ya ba da kuɗi ga mai wa'azi ya shuka iri, Allah zai mayar masa ninkin ba ninkin a nan duniya, talauci da ciwo kuwa alamar ƙarancin bangaskiya ne. Wa'azi ne mai daɗin ji, yana cika ɗaki. Faston ƙauye yana gani, ya kuma san abin da zai faɗa in yana son nasa ɗakin ya cika. Amma ya san gwauruwar da ta ba da kuɗin maganin ɗanta, ya san kuma littafinsa cike ya ke da labarin bayin Allah da suka sha wuya, irin su Annabi Ayuba. Me zai ce mata ran da ɗan ya mutu? Ya ce bangaskiyarta ce ta gaza?

In ka tambayi fasto mai ilmi inda ma'auninsa ya ke, zai ce Littafi. Haka Byang Kato ya koyar, mutumin Kwoi, wanda ya zama babban magatakardan ikilisiyar ECWA a 1967, ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975. Ra'ayinsa shi ne a faɗi bishara da harshe da kiɗa da misalan Afirka, amma kada a gauraya abin da ta ƙunsa da wani abu don neman yardar mutane. Akwai abubuwan da Kirista ke gani in an cire su ba sauran addinin, kamar mutuwar Almasihu da tashinsa bisa ga aƙidarsu, waɗannan kuwa ba a kai su kasuwa a yi ciniki. Maganarsa tana da ƙarfi. Sai dai masu taron 1888 da Littafi suka kafa hujja, mai wa'azin shuka iri ma da aya a bakinsa ya ke hawa mumbari. Littafi ba ya ruɗin kowa, zuciyar mai karatu ita ke ruɗinsa, ta nuna masa ayar da ya ke so, ta rufe masa wadda ba ya so.

Saboda haka a ganina faston yana bukatar ma'auni na biyu, wanda zai auna kansa da shi kafin ya auna maganar. Duk sa'ad da aka ce a sake wani abu, ko a riƙe shi, ya tambayi ransa wa zai ci riba, wa kuma zai ɗauki kaya. In sakewar za ta sa talaka ya ji maganar Allah da harshensa, ko ta hana a kori mace daga ɗakinta, to, ya duba ta da idon rahama. In kuwa ya ga ribar tana gangarowa aljihunsa, ko tana faranta wa mai mulki rai, ko tana kare girmansa gaban dattawa, to, ya yi shakkar hujjarsa kome kyanta. Wannan ma'auni ba zai gaya masa abin da ke gaskiya ba, wannan aikin Littafinsa ne da iliminsa. Amfaninsa shi ne ya nuna masa wurin da ya fi kusa da yaudarar kansa. Hukuncin da ya yi wa mai yanke shi daɗi ƙwarai ya cancanci a sake dubansa.

Na san malamanmu za su ji maganan nan kamar a gida aka yi ta, gama su ma kullum suna tsakanin mai cewa kome bidi'a ne da mai cewa kome ya halatta, su ma akwai sarki a dama da attajiri a hagu. Jama'a kuwa suna da nasu rabo, domin mu ne ke guje wa mai gaya mana gaskiya mu tafi wurin mai shafa mana zuma a baki. Garken da ya ke tunkuyin makiyayinsa duk ran da ya kore shi daga gyauro, kada ya yi kuka in ya wayi gari a hannun mahauci. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu kunnen sauraronsu, amin.