Ma'adinin Arlit: Ni'ima ce, Kuma Amana ce

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya taskace ma'adinai a cikin ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Magarya da Dungas, da yawa cikin ƴaƴanmu suna tafiya ci-rani Agadas da Arlit. To ku sani, a ƙarƙashin ƙasar Arlit akwai ma'adinin uraniyom, wanda kamfanin SOMAIR ya fara fitarwa a 1971. Wajibi ne mu san abin da ake yi da shi.

Allah Ya gina kowane abu da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. Idan aka tsaga cibiyar zarrar uraniyom, zafi mai tsanani yakan fito, tare da wasu ƴan ƙwayoyi da ke tsaga maƙwabtanta, su kuma su tsaga na gaba, kamar gobarar daji da hunturu. In an sa wa wannan wuta linzami, sai ta ba da lantarki. In an sake ta gaba ɗaya, ita ce bom ɗin nukiliya. Nau'in da ke tsagewa bai kai kashi 1 cikin 100 na ma'adinin ba. Na lantarki ana tace shi zuwa kashi 3 ko 5, na bom kuwa kusan 90.

Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa irin wannan bom a birnin Hiroshima na Japan. Kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun halaka, kuma mafi yawan uraniyom ɗin daga Kwango aka haƙo shi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada nata a Reggane ta Aljeriya, cikin hamadar da iskar hunturunmu ke fitowa. Kan waɗannan gwaje-gwaje Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961.

Ya bayin Allah, ko yaƙi yana da iyaka a Musulunci. Halifa Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa rundunarsa wasiyya da kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai ƴaƴa. To ina makamin da ba ya bambance jariri da mayaƙi, wanda gubarsa ke haifar da ciwon daji bayan shekaru? Saboda haka mun yaba da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta haramta shi a Afirka.

Shugabanni su ji tsoron Allah cikin wannan amana, su kula da hannun da ma'adininmu ke faɗawa. Ku kuma masu ci-rani, ku nisanci tsofaffin ƙarafan mahaƙa, kada ku yi tukunya ko rufin ɗaki da su, domin bincike ya samu guba a jikin wasunsu a kasuwar Arlit.

Allah Ya sa arzikin ƙasarmu ya zama haske ga bayinSa, Ya tsare mu daga fitina. Amin.