Kyakkyawar Niyya Ba Ta Wanke Hannu

Karatu: Markus 7:1-23, Yakubu 4:17

Ga tambayarmu ta yau: in mutum ya cuci ɗanʼuwansa ba da nufi ba, yana da alhaki?

A shekara ta 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mata masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi. Wani likita mai suna Semmelweis ya lura cewa likitoci suna fitowa daga ɗakin binciken gawa, su wuce kai tsaye wurin mata masu naƙuda. Ya umurta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin. Cikin ʼyan watanni, mutuwar ta sauka daga kusan 18 cikin 100 zuwa kusan 2. Duk da haka likitoci da yawa sun ƙi yarda. Ya yi musu nauyi a ce hannun da ke ba da magani shi ne ke kawo ajali.

Kafin su sani, rashin sani ne. Bayan an faɗa musu, girman kai ne. Abin da Yakubu yake koya mana ke nan: sani yana ɗora wa mutum nauyi.

Mu ma mun sani yanzu. Muna zuwa dubiya, mu gaisa da kowa a ƙofa, mu ɗora wa mai ciwo hannu don adduʼa, mu karɓi jariri, mu dama fura mu ba shi mai jinya. Ƙauna ce ta kai mu, amma ƙwayar cuta ba ta duba zuciya.

Wani zai ce, ai Yesu ya kāre almajiransa da suka ci abinci ba wanke hannu. Gaskiya ne, amma abin da ya tsauta wa Farisiyawa a kai shi ne mai da alʼada ta zama maʼaunin tsarki a gaban Allah. Bai ba mu izinin sakaci da ran maƙwabci ba.

Saboda haka, ɗanʼuwa, ʼyarʼuwa, ko maʼaikacin asibiti ne kai, ko mai dubiya ce ke, a sa ruwa da sabulu kafin a taɓa marar lafiya, da bayan an taɓa shi. Bai wuce minti 1 ba. In kuma wani ya tuna maka, kada ka ji haushi, ka gode masa.

Adduʼa: Ya Ubangiji, ka ba mu tawaliʼu, kada hannuwanmu su zama sanadin wahalar waɗanda muka je taʼazantarwa. Cikin sunan Yesu, amin.