Samfurin Kamfani: Kyauta Ce Mai Sharaɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin manyan kamfanonin da ke ƙera ƙananan kayan lantarki, watau irin 'yan ƙwayoyin nan da ake gani jere a cikin rediyo da waya da kwamfuta. Idan injiniya yana ƙoƙarin haɗa wata sabuwar na'ura, sai ya sanar da kamfani cewa yana bukatar ƙwaya kaza domin gwaji, su kuwa su aiko masa da 'yan kaɗan kyauta, wani lokaci ma har kuɗin aikowa su ne ke biya. Wannan shi ake kira samfuri. Kamfanoni irin su Texas Instruments da Analog Devices da Microchip na ƙasar Amurka duk an san su da wannan. A da sai an bi ta hannun wakilin kamfani, amma yanzu takarda kawai ake cikewa a intanet, saboda haka ɗalibin da ke Zariya ko Kano yana iya ƙwanƙwasa ƙofar da injiniyan Amurka ke ƙwanƙwasawa.

To, kafin a yi maganar hukunci, ya kamata a san dalilin kyautar. Kamfani ba sadaka yake yi ba, iri yake shukawa. Da zarar injiniya ya tsara na'urarsa a kan wata ƙwaya, sauya ta da wata yana da wuya da tsada, domin sai an sake zane an sake gwaji. In na'urar ta shiga kasuwa, kamfanin da ya ba da ƙwaya uku yana iya sayar da dubbai kowace shekara. Shi ya sa takardar neman samfuri takan tambayi sunan ma'aikatar mai nema, da aikin da zai yi da kayan, da yawan da yake tsammanin saye nan gaba, kuma sau da yawa akan rubuta cewa na gwaji ne, ba na sayarwa ba.

A nan ne jarrabawa take. Wani yaro mai basira, ga sha'awa ga rashin kuɗi, sai ya ga in ya faɗi gaskiya watakila a hana shi. Sai ya ƙirƙiri sunan kamfanin da babu shi, ya naɗa kansa babban injiniya, ya rubuta cewa zai riƙa sayen dubu goma a shekara, alhali kuwa guda ɗaya yake so ya gama aikin makaranta. Wani kuma ba gwajin ne a gabansa ba sam, tarawa yake yi ya sayar. Shin abin da ya zo hannunsu halal ne?

Malaman fikihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala, ko da yake ba su ga lantarki ba. Dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da yardar mai ita, yardar da aka samo da ƙarya kuwa ba yarda ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa wanda aka ba wani abu saboda wata siffa da ake zaton yana da ita, alhali ba shi da ita, kuma da mai bayarwa ya san gaskiya da bai bayar ba, to abin bai halatta gare shi ba. Samfuri kuwa don siffa ake bayar da shi. An ba da shi ne ga mai gwaji na gaskiya, wanda ya yi shigar mai gwaji ya karɓi rabon wani ne.

Masu wannan hali suna da uzuri uku. Na farko, su ce abin ɗan ƙarami ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ƙanƙantar kaya ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, ya tsawata masa, ya kuma nisanta mai algus daga al'ummarsa. Bai tsaya auna yawan jiƙaƙƙen ba. Daɗin daɗawa, ƙwayar da ake rainawa ita ce rashinta ya tsayar da aiki a masana'antun motoci da dama a shekarar 2021.

Na biyu, su ce kamfanin mai arziki ne, ba zai ji a jikinsa ba. Watakila haka ne, amma akwai wanda zai ji. Kamfanoni da yawa yanzu ba sa karɓar bukata daga adireshin imel na kyauta irin Gmail ko Yahoo, sai na ma'aikata ko na jami'a, kuma sun ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai iya nema. Duk lokacin da aka ci amanar mai kyauta, ƙofa yake ƙara tsukewa, wanda ake rufewa a waje kuwa shi ne ɗalibi mai gaskiya da zai zo gobe. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, su ce ai masu kamfanin ba Musulmi ba ne. Wannan shi ne mafi rauni. Lokacin Hijira, a shekarar 622, Manzon Allah ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali a cikin garin ne ake shirin kashe shi. Amana ba ta tambayar addinin mai ita.

Wannan kuwa ba yana nufin neman samfuri haramun ne ba. Wanda ya faɗi gaskiya, ya ce shi ɗalibi ne ko mai ƙaramin shago, ga abin da yake haɗawa, ga iyakacin abin da yake fata, in aka ba shi halal ne tsarkakakke. Ba ya cikin roƙon da shari'a ta ƙi, domin mai kaya ne ya buɗe ƙofa don amfanin kansa. In ya gwada ƙwayar ba ta dace da aikinsa ba, babu wajibcin ciniki a kansa, wannan hasara ce da kamfani ya sani ya kuma yarda da ita tun farko. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi daidai bukatarsa, kada kuma ya sayar in an sharɗanta hani.

In kuwa aka hana shi, hanya ba ta toshe ba. Dillalai irin su Digi-Key da Mouser suna sayar da ƙwaya ɗaiɗai, malamin jami'a yana iya nema da sunan sashensa, kuma masu gyara sun san irin dukiyar da ke kwance a cikin matattun rediyoyi da talabijin. Na'urar da aka haɗa da haƙuri tana iya jinkiri, amma mai ita ba zai ji kunyar ba da tarihinta ba. Injiniya kuwa mutum ne da wata rana za a ɗora rayukan jama'a a kan maganarsa, in ya ce waya kaza za ta ɗauki wuta kaza a yarda ba tare da an auna ba. Wanda ya fara sana'arsa da ƙarya a kan ƙwaya uku, me zai rubuta ranar da kwangilar miliyoyi ta zo gabansa?

Allah Ya azurta matasan Musulmi da ilmi mai amfani da abinci na halal, Ya sa a dace. Amin.