Hasumiyar Ulm da Filin New Bell

A birnin Ulm, a kudancin Jamus, a bakin kogin Danub, akwai wata majami'a da aka sa harsashinta a shekara ta 1377, ba a gama hasumiyarta ba sai a 1890. Tsawonta ya ɗara mita 161, kuma fiye da shekara 130 ba a sami majami'ar da ta fi ta tsawo a duniya ba. Mutanen garin ne suka fara ginin da kuɗin aljihunsu, suna sane da cewa ba za su ga ƙarshensa ba. Baƙon da yake so ya kai can sama sai ya taka matakala 768, yana haki, ya wuce ɗakin ƙararrawa, sa'an nan ya leƙo. Daga can gidaje kamar akwatin ashana suke, mutane kuwa kamar tururuwa.

To, abin tambaya shi ne, tsawon nan yana koya wa mutum tawali'u, ko girman kai? Masu ginin sun so idon mutum ya ɗaga zuwa ga Allah. Amma wanda ya hau, ƙasa yake kallo.

Mutumin Duwala yana da dalilin yin wannan tambaya. Jim kaɗan bayan an gama hasumiyar, wani saurayi ɗan gidan sarautar Bell, Rudolf Duala Manga Bell, ya je karatu Jamus, ya zauna a Aalen, daga baya a Ulm ɗin nan. Ya ji ƙarar ƙararrawarta, ya koyi harshen mutanen da dokokinsu, ya komo gida ya gāji sarautar ubansa a 1908.

Daga 1910 gwamnatin Jamus ta ƙudura ta tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, ta mai da su can ciki, a bar fili na kilomita ɗaya babu kowa tsakaninsu da Turawa. Wai saboda zazzaɓin sauro. Ɗaya daga cikin wuraren da aka keɓe shi ne New Bell. Sunan na gidan sarauta ne, ba shi da dangantaka da ƙararrawa, ko da yake masu jin Turanci sukan ruɗe. A kan takarda shirin ya yi kyau ƙwarai, layi ya miƙe, unguwa ta rabu da unguwa. Haka gari yakan yi kyau ga wanda ya hango shi daga nesa. Daga can ba a ganin kabarin kakan wani, ko inda masunci yake ɗaure kwalekwalensa.

Rudolf ya ƙi. Bai ɗauki makami ba, takardun koke ya aika wa majalisar Jamus, yana tuna musu yarjejeniyar 1884. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. Sai a 2022 birnin Ulm ya sa wa wani dandali sunansa.

Kada mai karatu ya ɗora wa duwatsu laifi. Talakan da ya ba da kuɗinsa a 1377 bai san Kamaru ba. Littafin Farawa ma, da ya ba da labarin hasumiyar Babila, ba tubali ya hukunta ba, nufin masu ginin ne na su yi wa kansu suna. Amma kuma ba daidai ba ne Kirista ya hau, ya sha mamaki, ya sauko bai tuna kome ba. Ƙasar da ta iya gina wannan ga Ubangiji, ita ce ta auna kilomita ɗaya tsakaninta da maƙwabci.

New Bell ba ta zama yadda aka zana ta ba. Baƙi ne suka cika ta, Hausawa fatake, Bamileke, Basa da sauransu, gida na jingine da gida. Birnin ya yi ta faɗaɗa har ya kai Yassa a kan hanyar Edeya. Babbar majami'ar Bitrus da Bulus ta Bonadibong, wadda aka gina a 1936, tana da hasumiya biyu, ba su kai rabin ta Ulm ba. Da asuba ladan yakan yi kira a unguwar Hausawa, can an jima ƙararrawar majami'u ta biyo, mai sayar da shayi a bakin titi kuwa yana jin duka biyu yana hura wutarsa.