Tiyon da ya fashe: ina iyakar dabara, ina mafarin ha'inci?

A cikin kayan da ke jikin mota, da wuya a sami wanda aka raina kamar tiyon ruwa. Guntun baƙar roba ne da ke haɗa inji da lagireto, amma ta cikinsa ne ruwan da ke kwashe zafin inji yake kai da kawowa. Ruwan nan yakan kai wajen digiri 90, murfin lagireto kuma na riƙe shi a matse don kada ya tafasa. Shekara da shekaru zafi da matsi suna cin robar, galibi daga ciki, bayanta kuwa sumul. Ran da ta gaji sai ta yage, ruwa ya tsiyaye cikin ƴan mintoci.

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram cikin bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ya taɓa ganin haka: tsohuwar mota a gefen hanya, tururi na tashi, matafiya sun fake a inuwar gawo. Ko Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 1968, ko Toyota da ta ƙare ƙuruciyarta a Turai, aikin ɗaya ne. A bar inji ya huce, domin mai buɗe murfi da zafi yakan ƙone hannu da fuska. A kwance zobban ƙarfen da ke riƙe da bakin tiyo, a cire shi, a kankare tsatsa, a sa sabo mai lanƙwasa irin ta tsohon, a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale. Sannan a tada inji, a zuba wa allurar zafi ido.

To amma a tsakiyar daji babu mai saida sabon tiyo. Nan ne direba ke yanko robar tsohon tayan ciki, ya naɗe wurin da ya yage, ya ɗaure da waya, ya lallaɓa har Tasawa. Wannan dabara abin yabo ce. Ta fid da mata da yara daga rana, kuma da babu gara ba daɗi. Tambayar tana zuwa ne washegari, in aka wayi gari motar ta sake yin lodi da ɗaurin jiya a cikinta.

Direba na da hujjarsa, kuma bai kamata a raina ta ba. Mai mota na jiran kuɗin yini, iyali na jiran cefane, sabon tiyon da ke kasuwa wani lokaci jabu ne. Sai dai hujjar ta manta da mutum guda, wato matafiyi. Shi ya biya kuɗinsa bai leƙa inji ba, ko ya leƙa ma ba zai gane ba. Ya ba da amanar kansa ga wanda ya sani. Idan talaka ya ɗauki kasada da kansa don kansa, uzurinsa a fili yake. Idan ya ɗora ta bisa wanda bai sani ba, bai kuma yarda ba, ya ci amana, ko da motar ta isa lafiya. Haka ma bakaniken da ya wanke tsohon tiyo ya saida shi da sunan sabo, ko wanda ya ga sauran tiyoyin, sa'annin wanda ya fashe, sun kumbura ya yi shiru.

Wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma abin da mutum ya gani da idonsa, ya naɗe da hannunsa, ya kuma san ba zai jure ba, bai cancanci wannan suna ba, sunansa sakaci. Sakacin ma ba ya kawo riba, domin injin da ya yi gudu babu ruwa kansa yakan lanƙwashe, kuɗin gyaransa ya ninka na tiyo sau da yawa.

Malaman makaranta sun san wannan hali a wani fagen. Ajin zana ma da sunan wucin gadi ake kafa shi, sai ya shekara, ya sake shekara. A 2021 gobara a irin waɗannan azuzuwa ta hallaka yara kimanin 20 a Yamai cikin Afirilu, ta kuma hallaka fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamba. Gyaran wucin gadi yakan zama masifa ne ran da ido ya saba da shi, aka daina ganinsa a matsayin bashi.

Ke nan ɗaurin roba halal ne da sharaɗi biyu: a faɗa wa wanda abin ya shafa, a kuma yanke masa wa'adi. Direban da ya ce wa mai mota da matafiya, "Tiyon nan ɗaure yake, ba zan wuce gari na gaba ba sai an sake shi," mai dabara ne. Wanda ya rufe inji ya yi gum, ya sake kiran lodi, ya riga ya tsallaka zuwa ha'inci tun ruwa bai zuba ba.