Rumbu da Tawakkali

A ƙauyukan Katsina da Maraɗi, kaka na yi magidanci zai jera damman geronsa a rumbu ya rufe, ba zai taɓa ba sai bazara ta matsa. Babu mai zargin wannan manomi da raunin imani. Amma ma'aikacin birni da ke ware wani abu daga albashinsa yakan sha gori: “Haba Alhaji, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.”

To, tanadi yana rage wa mutum tawakkali ne?

Annabi Yusuf (AS) ne ya ba sarkin Masar shawarar a yi noman shekara 7, a bar hatsin cikin zangarniyarsa saboda shekara 7 na fari da ke tafe. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuwa, da ciwo ya kwantar da shi a Makka, ya nemi ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Annabi ya tsayar da shi a kashi ɗaya, don gara magada su wadata da su koma roƙo.

Matan gida sun daɗe da gane wannan. Zubin adashi, tunkiyar kiwo da ɗan kunnen zinare duk rumbu ne. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kwanon masara ya yi tashin gwauron zabo, irin wannan ajiya ta rufa wa gidaje da yawa asiri.

Sai dai tanadi yana da iyaka. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta garƙame wasu manyan ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Malamai na kiran wannan ihtikari: mai tanadi tsoron yunwar iyalinsa yake, mai ɓoyo kuwa yunwar jama'a yake jira don farashi ya hau.

Shi ya sa shari'a ta buɗe wa kowace ajiya ƙofa. Kuɗin da ya kai kimar giram 85 na zinare, ya kuma shekara, ana fitar masa da zakkar kashi 2.5 cikin 100. Manomin damina da amfaninsa ya kai nisabi ba ya ma jiran shekara. Tun a gona yake ware dami ɗaya cikin goma, ya aika gidan gwauruwa ko tsangayar almajirai, sannan ya kira yara su kwashe sauran zuwa rumbu.